Igiyar Tsayar da Aiki: Ziyara zuwa Nagoya da Birnin Toyota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota a Kano ko Zariya ko Maraɗi, ya ga yadda ake ɗora wa tsofaffin motocin Toyota lodin da ya fi ƙarfinsu, a kora su bisa hanyoyin da damina ta cinye, amma su kai su komo shekara da shekaru, ba zai rasa tambayar kansa wane irin hannu ne ya ƙera su ba, da kuma wace irin tarbiyya aka yi wa masu wannan hannu. Saboda haka da Allah ya ƙaddara aka sa sunana cikin wata 'yar tawaga ta masu kula da ma'aikatu da malaman koyar da sana'a, wadda za ta tafi ƙasar Japan ganin yadda suke tafiyar da masana'antunsu, ban yi wata-wata ba na amsa, ko da yake na san ziyarar baƙo gajera ce, kuma galibi abin da ake nuna masa zaɓaɓɓe ne.

Ba zan tsawaita a kan Tokiyo ba, gama ba ita muka nufa ba. Daga can muka shiga jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu wanda aka buɗe hanyarsa a 1964, ya bi da mu yamma ta gefen teku, dutsen Fuji na hannunmu na dama da farar ƙanƙara a kansa, kafin awa biyu ta cika sai ga mu a Nagoya, babban birnin lardin Aici. Abin da ya tsaya mini a rai daga wannan tafiya shi ne wani ma'aikacin tasha mai farar safar hannu, wanda kafin jirgin ya tashi ya miƙa yatsa ya nuna agogo ya faɗi wani abu da ƙarfi, ya juya ya nuna ƙofofi ya sake faɗa, ya nuna gaban jirgi da bayansa, alhali kuwa babu wanda yake yi wa magana. Tafintanmu ya ce ƙa'idar aikin jirgin ƙasa ce a wurinsu, domin sun lura ido kaɗai yakan yi rafkanwa, amma idan hannu da harshe da kunne suka taru a kan abu guda, da wuya gafala ta sami ƙofa.

A Nagoya aka fara kai mu gidan tarihin masana'antu na Toyota, wanda aka buɗe a 1994, shekara ɗari daidai da haihuwar Kiichiro Toyoda, wanda ya kafa kamfanin motar, a cikin tsohon ginin jan bulo, a filin da mahaifinsa Sakichi ya kafa masaƙa a 1911. Mai tsammanin ganin motoci tun daga bakin ƙofa zai yi mamaki, domin zauren farko duka na auduga ne da kaɗi da saƙa, tun daga mazari da masaƙar hannu har zuwa injunan zamani. Sakichi ɗan kafinta ne, an haife shi a 1867 a wani ƙauye inda mata, har da mahaifiyarsa, ke saƙa da hannu, ya kuwa ƙarar da rayuwarsa yana gyara masaƙa kaɗan-kaɗan, wannan ta fi ta bara, ta baɗi ta fi wannan, har a 1924 ya kammala wadda ke sauya ƙoshiya da kanta ba tare da ta tsaya ba, kuma ta tsaya cik da kanta idan zare ɗaya ya tsinke.

Wata yarinya cikin kayan aiki ta tayar mana da wannan masaƙa, ƙararta ta cika zauren, ƙoshiya na kai da komo ido bai iya binta. Sa'an nan ta sa yatsu cikin zaren wadari ta tsinke ƙwaya ɗaya. Ashe kowane zare yana ɗauke da wani siririn ƙarfe da aka rataya a kansa. Da zaren ya tsinke sai ƙarfen ya faɗa ƙasa ya tokare wani sanda mai motsi, nan take injin ya yi shiru. A cikinmu akwai wani dattijo, injiniya, wanda ya yi ƙuruciyarsa a masaƙun Kaduna a zamanin da masaƙar Arewa, wadda aka kafa da jarin Japanawa a shekarun 1960, take kan ganiyarta. Ya daɗe yana duban ƙarfen, sa'an nan ya juyo ya ce mini, “Malam, in babu wannan ɗan abu, injin ba ya sanin ya yi laifi. Sai ya yi ta saƙa yadi mai aibi har a cika bandir, ba a gani sai a ɗakin dubawa, ga asarar zare ga ta yini. Dole kuma a tsayar da mutum a kan kowace masaƙa yana gadinta.” Na ce, “To, Alhaji, da shi fa?” Ya ce da shi mutum ɗaya ya isa ya kula da masaƙu da dama, tun da mai matsalar ce za ta kira shi.

A 1929 kamfanin Platt Brothers na garin Oldham a Ingila, wanda a lokacin yana cikin manyan masu ƙera injunan saƙa a duniya, ya sayi haƙƙin ƙera wannan masaƙa a kan fam 100,000. Kiichiro ya buɗe sashen ƙera mota a cikin kamfanin masaƙar a 1933, sashen ya zama kamfani mai cin gashin kansa a 1937, aka gina masa masana'anta a wani ƙaramin gari mai suna Koromo, wanda a 1959 ya ajiye sunansa na kaka da kakanni ya ɗauki na kamfanin. Can muka nufa washegari, tafiyar kamar awa guda gabas da Nagoya, ta cikin unguwanni da ƙananan ma'aikatu da 'yan gonakin shinkafa da suka saura a tsakaninsu.

Da muka isa masana'antar sai aka karɓi wayoyinmu da na'urorin ɗaukar hoto, aka hau da mu wata doguwar baranda da ke bisa zauren haɗa motoci, inda muke hangen layin aiki a ƙarƙashinmu yana tafiya a hankali, fara na bin baƙa, ƙarama na bin babba, kowace da takardarta manne mai bayyana abin da mai sayenta ya nema. An ce mana mota guda tana da ɓangarori kimanin 30,000 in aka ƙirga har da ƙananan kusoshi. An cire ƙofofin bayan fenti, suna bin wata hanya dabam, sai can gaba kowace ta sake haɗuwa da motarta, domin ma'aikata su shiga su fita ba tare da sun kuje fenti ba. Amma abin da aka kawo mu gani, wanda na daɗe ina jin labarinsa, wata igiya ce siririya da ta bi tsawon layin ta saman kawunan ma'aikata, inda hannun kowa zai kai.

Muna tsaye sai wani saurayi da ke ɗaura wani abu a ƙarƙashin sitiyari ya ɗaga hannu ya ja ta. Wani ɗan kiɗa mai daɗi ya tashi, lambar wurinsa ta kama da ruwan ɗorawa a wani babban allo da ke rataye, kafin ka ce kwabo shugaban rukuninsa ya iso da sassarfa, suka sunkuya tare, ya karɓi abin ya duba, ya musanya shi da wani, ya sake jan igiyar, kiɗan ya ɗauke, layin kuwa bai tsaya ba. Jagoranmu ya bayyana cewa jan igiya ba ya tsayar da layi nan take; motar takan ci gaba har ta kai wata alama da aka shata a ƙasa, idan an warware matsalar kafin nan shi ke nan, idan ba a warware ba sai fitilar ta koma ja, layin ya tsaya, kowa ya jira. A ɗan zaman da muka yi a barandar mun ji kiɗan nan ya tashi daga sassa dabam-dabam har muka daina ƙirgawa, mun kuma ga layin ya tsaya, ba wanda ya ɗaga murya. Jagoran ya ƙara da cewa idan jan igiya ya ragu ƙwarai a wani sashe, shugabanni ba murna suke yi ba, bincike suke yi, don la'alla mutane sun fara ɓoye abin da suke gani.

A nan ne na ga jikan ɗan ƙarfen nan na masaƙar Sakichi, sai dai a wannan karon an ɗora amanar a wuyan ɗan Adam, shi kuwa ɗan Adam, saɓanin ƙarfe, yana da tsoro da kunya da iyali a gida. Igiya da allo da fitila ba su da tsada, kowace ma'aikata a duniya tana iya rataya su cikin mako guda, da yawa kuwa sun rataya. Abin da ke da wuya shi ne fuskar da shugaba zai zo da ita sa'ad da aka ja. A yawancin ofisoshi da ma'aikatun da na sani, a gida da waje, wanda ya kawo labarin ɓarna shi ne farkon wanda ake tuhuma, don haka kowane mai hankali ya koyi rufe aibi ya tura shi gaba, ya faɗa a hannun wani. Kuma ba za a kira wannan rashin amana ba tun da shugabanni ne suka koyar da shi da take-takensu, ko da bakinsu yana faɗin akasin haka.

Yadda aka yi Toyota ta sami wannan aminci tsakanin babba da ƙarami ba labari ne mai daɗi ba. A 1950 kamfanin ya kai bakin durƙushewa, bankuna suka gindaya sharuɗɗa kafin su ba da rance, aka nemi ma'aikata 1,600 su ajiye aiki, rigima da ƙungiyar ƙwadago ta ɗauki kimanin wata biyu, daga ƙarshe fiye da 2,000 suka tafi, shi kuma Kiichiro ya sauka daga shugabanci don ɗaukar alhakin abin da ya faru, bai kuma daɗe ba ya rasu a 1952. Odar manyan motoci da sojan Amurka suka kawo saboda yaƙin Koriya ita ta tsamo kamfanin. Waɗanda suka ga wannan shekara da idonsu sun ƙudurta kada a sake, har a 1962 shugabanni da ƙungiyar ma'aikata suka sa hannu a wata sanarwa ta amincewa da juna. Maslahar da ke cikin wannan a fili take ga mai tadabburi: babu mahalukin da zai nuna wa maigidansa dabarar da mutum tara za su yi aikin mutum goma, muddin yana zaton na goman da za a sallama shi ne ko maƙwabcinsa.

Talaucin wannan zamani kuma shi ya haifi sauran nizamin. Eiji Toyoda, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, ya ziyarci masana'antar Ford da ke River Rouge a Amurka a 1950, lokacin da Ford ke fitar da dubban motoci a yini, Toyota kuwa 'yan gomiya, ya dawo da tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata, aka kafa shi a 1951. Taiichi Ohno, wanda shi ma daga masaƙa ya fara a 1932 kafin ya koma ɓangaren mota a 1943, ya ɗauki tara kaya a sito a matsayin babban israfi, domin tarin kaya yana binne kuɗi kuma yana rufe kurakurai. Ya tsara cewa kowane sashe ba zai ƙera komai ba sai sashen da ke gabansa ya aiko da kati mai nuna ya yi amfani da na hannunsa, kamar yadda uwargida ba ta aika yaro wurin mai nono sai ƙwarya ta koma fanko. Ana ba da labarin cewa yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya tsayar da sabon injiniya a ciki sa'o'i, ba abin da zai yi sai kallo, har ya iya faɗin inda ake ɓarnar motsi da jira da ɗauke-ɗauke. Kuma yakan nace a tambayi sababin matsala har sau biyar, sababi bayan sababi, kafin a yarda an kai ga asalinta. Mutum ne mai zafi, ba kowa ya so shi ba, kuma sai a 1963, bayan shekaru fiye da goma ana gwaji ana turjiya, tsarin katin ya game masana'antun kamfanin. Masu zuwa kwas na mako guda su koma gida da niyyar sauya ma'aikatarsu kafin ƙarshen shekara ya kamata su riƙa tuna wannan lissafi.

Daga barandar jagoran ya nuna mana wasu daga cikin abin da shawarwarin suka haifar, waɗanda suke kira kaizen, babu ko ɗaya a ciki da zai burge mai neman abin al'ajabi. Akwai wata kujera a bakin wani dogon hannu na ƙarfe, wadda ke zura ma'aikaci cikin mota yana zaune, maimakon ya yi ta durƙuso da miƙewa ɗaruruwan sau a yini. Akwai ɗan keken kayan aiki da ke bin mota da kansa sa'an nan ya komo wurinsa, da wata magangara da nauyin akwati cikakke ke tura fankon baya ba da lantarki ba. Ladan shawara ɗaya yakan fara daga yen 500, abin da bai wuce kuɗin abincin rana mai sauƙi ba, wanda ke nuna ba kuɗin ne ke jan mutane ba. Abin da na fahimta shi ne shawarar ba ta tafiya wani ofis mai nisa. Shugaban rukuni ne ke dubawa, sau da yawa ma an riga an gwada ta kafin a rubuta, idan ta yi kyau sai a gyara takardar ƙa'idar aiki da ke manne a wurin, ta zama ita ce sabuwar hanya ga masu aikin dare da na rana, har ranar da wani zai zo da wadda ta fi ta. Alhaji ya yi dariya ya ce a wata ma'aikata da ya yi aiki daga baya an kafa akwatin shawara a bakin ofishin manaja da biki da jawabai, makullin ya ɓace a wata na biyu, ba wanda ya lura sai da aka zo fenti.

Wani cikinmu ya ce ai wannan duka jinin Japanawa ne, ba a iya dasa shi a wata ƙasa. Hujjar da ta rushe wannan zance tana garin Fremont a jihar Kalifoniya. Kamfanin General Motors yana da masana'anta a can wadda ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki da fashin zuwa aiki da lalatattun motoci, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka maido da akasarin tsofaffin ma'aikatan nan da ƙungiyarsu, aka kai ɗaruruwa daga cikinsu masana'antar Takaoka, a nan birnin Toyota, suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Japanawa, aka rataya musu igiya, aka kuma yi musu alkawarin cewa sallama ita ce matakin ƙarshe. Cikin shekara biyu ingancin motocinsu ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors, kuma da kasuwa ta faɗi a ƙarshen shekarun 1980 aka cika alkawarin, aka sa mutane horo da gyare-gyare maimakon a kore su. Sai dai General Motors ta sha wuya wajen kai darasin sauran masana'antunta, inda aka kwafi allo da igiya, manajoji kuwa aka ci gaba da auna su da yawan motocin da suka fito.

Ranar Jumma'a muka yi salla a masallacin Nagoya, ɗan siririn gini mai hawa-hawa da aka buɗe a 1998, cike da 'yan Pakistan masu cinikin tsofaffin motoci da samari 'yan Indunusiya masu aiki a ƙananan ma'aikatun da ke ƙera wa manyan kamfanoni kayan haɗi. Da na zanta da ɗaya daga cikinsu bayan an sallame, sai ya ce mini, ɗan'uwa, abin da kuka gani daga baranda gaskiya ne, amma ku tuna idan babban kamfani ba ya ajiye kaya a sito, to wani ne ke tashi da tsakar dare don kayan su isa a kan sa'a. Wannan gefen ma yana cikin tarihi. Wani ɗan jarida, Satoshi Kamata, ya shiga Toyota a matsayin leburan wucin gadi a 1972, ya fitar da littafi a 1973 yana bayyana gajiya da saurin layi da yadda kowane daƙiƙa da aka tsimi ake cika shi da sabon aiki. A 2002 wani ma'aikaci ɗan shekara 30 ya faɗi ya rasu a masana'antar Toyota ta Tsutsumi, a 2007 kotun lardi a Nagoya ta hukunta cewa yawan aiki ne sanadi, ta kuma lissafa tarurrukan kyautata aiki, waɗanda ake cewa na ganin dama ne, a cikin sa'o'in aikinsa. A 2008 kamfanin ya fara biyan cikakken kuɗin ƙarin lokaci a kan waɗannan tarurruka. Ni dai a ganina hukuncin ya yi daidai, domin abin da ake auna mutum da shi wajen ƙarin girma ba a kiransa tadawwu'i.

Ko a gidan da aka haife ta, wannan ɗabi'a ta jan igiya ba gado ba ce da za a ajiye a taska. A 2010, bayan janye miliyoyin motoci daga kasuwa, Akio Toyoda, jikan Kiichiro kuma shugaban Toyota a lokacin, ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya amsa cewa kamfanin ya faɗaɗa da saurin da ya wuce yadda yake iya horar da mutanensa. Bayan dawowarmu gida kuma, a watan Disamba na 2023, sai ga labarin Daihatsu, kamfanin ƙananan motoci da Toyota ta mallaka gaba ɗaya tun 2016: wani kwamiti mai zaman kansa ya gano maguɗi 174 a gwaje-gwajen neman izinin hukuma, wanda ya shafi nau'in mota 64, mafi daɗewa tun 1989. Kwamitin ya ce an ƙuntata wa'adin fitar da sababbin motoci ƙwarai, an mai da cin jarrabawar gwaji a karo na farko wajibi, kuma an wayi gari ma'aikaci ba ya iya gaya wa na sama da shi cewa abu ba zai yiwu ba, sai ya nemi mafita shi kaɗai. Saboda haka ya ɗora babban alhakin a kan shugabanni. An dakatar da fitar da motocin kamfanin duka, masana'antunsa na Japan suka tsaya tun daga ƙarshen Disamba, ba su gama komawa aiki ba sai a watan Mayu na 2024, aka sauya shugaban kamfanin, aka kuma tsawaita wa'adin tsara kowace sabuwar mota da kimanin kashi 40 cikin ɗari.